Sailuba Biyu, Kati Ɗaya

Ranar da aka kawo mana Suhail, sai da Alhaji Dogara ya maimaita sunan aikinsa sau uku kafin harshensa ya ɗauka. Sistem analist. Da Hausa, wai, mai nazarin tsarin aiki. Na ɗago daga kan tebur na dube shi tun daga askin kansa har takalminsa mai tsini, na ce a raina, to, Allah ya kawo mu zamanin da ake ɗauko mutum musamman don ya zo ya kalli masu aiki.

Da baƙo ne ma da sauƙi. Ɗan Malam Abdulhamid ne na nan Limancin Kona, na ci tuwon sunansa, na taɓa goya shi ma ya jiƙa mini zane. Sun koma Gyallesu yana ɗan shekara shida, daga nan sai Abuja, daga Abuja sai wata ƙasa da ban iya faɗin sunanta ba, ga shi ya dawo yana tambaya ko mota za ta iya kaiwa ƙofar asibiti. Lungun da mai babur ma sai ya sauke ƙafa.

Ni ce Batulu mai ɗakin kati. Shekara ashirin da uku ina riƙe da katunan asibitin unguwarmu, wanda mutanen unguwa suka gina da kansu, Alhaji Dogara kuma yake shugabantar kwamitinsa. Kati dubu goma sha ɗaya da ɗoriya. Mace za ta shigo ta ce lambarta ta ɓata, kafin ta gama gaisuwa na zaro mata katinta. Wannan aikin ne kwamiti ya ce ya tsufa, a zuba shi a kwamfuta.

Washegari Suhail ya tara mu a zauren jira, ya haska majigi a bango, wai sai mun fahimci aikinsa kafin ya fahimci namu. Mai irin aikinsa, in ji shi, dole ya san yadda ake gina rumbun bayanai, ya san yaren da ake yi wa kwamfuta magana da shi, ya iya bin aiki daga hannu zuwa hannu ya zana shi a takarda, ya kuma gwada abin da aka gina kafin a sake shi a kan jama'a. Ya nuna mana zanen, akwatuna da kibiyoyi. Majiyyaci a akwati, likita a akwati, mai ba da magani a akwati. Ni ma an ba ni nawa, ɗan ƙarami a can gefe, kibiya ɗaya ta shiga ɗaya ta fita.

"Amma duk wannan ƙarami ne," ya ce, yana kaɗa yatsa. "Babban abin da analist yake buƙata shi ne sauraro. Ka saurari masu aikin, ka yi tambaya, ka sake tambaya, har ka gano abin da su kansu ba su san sun sani ba."

Minti arba'in ya yi yana bayanin amfanin sauraro. Sista Sumayya, babbar nas ɗinmu, ta ɗaga hannu sau biyu, hannun ya gaji ya koma cinyarta. Alhaji Dogara kuwa sai gyaɗa kai yake yi kamar yana wurin tafsiri.

Kar a ce na zalunce shi, ya san na'urarsa. Na ga yatsunsa a kan laftof, na ga yadda ya gyara firintar ofis da ta shekara biyu tana shan ƙura. Matsalarsa ɗaya, ya riga ya san amsar kowace tambaya kafin ya yi ta.

Ranar da layi ya zo kaina, ya shigo ɗakin kati da takarda a hannu, ya duba kujera ya fasa zama.

"Madam, minti goma sha biyar kawai zan ɗauka."

Madam. Uwarsa da ta haife shi Yaya Batulu take ce mini. Na haɗiye, na ce bismilla.

Tambayoyin nasa duk na e ko a'a ne. Kowane majiyyaci yana da lamba? E. Ana rubuta shekarar haihuwa? E, shekara kawai, ba wata ba rana, don yawancin iyaye ba sa riƙewa. Ana rubuta suna da sunan mahaifi?

"Sunan gida dai," na ce. "A nan cikin birni yawanci sunan kaka ake sa wa yara, wanda aka san gidan da shi."

"To, sunan mahaifi ke nan." Ya sa alama ya wuce.

Sai ya zaro kati ɗaya daga kanta, ya kanne ido a kusurwar sama. "Wannan rubutun fensir ɗin fa?"

Wallahi na ji daɗin tambayar. Na gyara zama, na ce, "Yawwa, nan aikin yake. Ka ga, kamar a gidan Malam Isma'ila…"

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ni, ya juya baya ya yi Turancinsa na minti biyar. Da ya gama ya sake leƙa katin ya mayar.

"Na gane, sunayen wasa ne. Wannan ba data ba ne, Madam. Sunan yanka muke so."

Ya duba agogo, ya yi godiya, ya fita. Turarensa ya kai la'asar bai fita ba.

Ga abin da ya hana ni faɗa. Gidan Malam Isma'ila babban gida ne mai sassa bakwai. Malam ya rasu, amma uwargidansa Hajiya Sailuba tana nan da ranta, tana mulkin gidan daga kan darduma. 'Ya'yanta biyu, Nura da Ƙasimu, matansu suka haihu a shekara ɗaya, kwana arba'in tsakani, duk mata, kowanne kuma ya ce shi ma sai ya yi wa uwarsa takwara. To wa zai buɗe baki a gidan ya kira Sailuba, tsohuwa na zaune? Sai aka sakaya. 'Yar Nura ta zama Umma, 'yar Ƙasimu ta zama Walida. A makaranta da asibiti kuwa kowacce Sailuba Isma'ila ce, shekara ɗaya, gida ɗaya. Abin da ya raba su a takarda shi ne fensirina a kusurwar kati: Umma ta Nura, Walida ta Ƙasimu.

Kuma raba su ba wasa ba ne. Umma tana da shekara biyar aka ba ta wani maganin tari mai salfa, fatar jikinta ta dinga saluɓewa, leɓunanta suka farfashe, ta yi sati uku a kwance a babban asibiti. Likita ya ce in ta sake shan irinsa, to sai dai addu'a. Ni na rubuta a katinta da jan biro, a gurbin maganin da jiki ba ya karɓa: SALFA, KAR A BA TA. Uwarta Zakiyya ba ta iya riƙe sunan maganin ba. Ta ce mini, "Malama, ni dai tunda yana wurinki hankalina a kwance yake." Gurbin Walida kuwa babu komai a ciki, ita wannan ko tsakuwa ta haɗiya lafiya lau za ta kwana.

Sati uku masu buga rubutu suka yi suna kwashe katunana zuwa kwamfuta. Sun kwashe duk abin da ke cikin gurabe, har da jan rubutun Umma, na tsaya a kansu na gani da idona. Fensir ne kawai ba a yi masa gurbi ba.

Wata Litinin Suhail ya zo da fara'a har kunne, ya tsaya a gaban Alhaji Dogara da nas-nas ya ce ya gano dufiliket ɗari tara da sittin. Wato mutum ɗaya kati biyu, wani ma uku.

"Ba laifin Madam ba ne," ya ƙara, da muryar mai lallashin yaro. "Haka aikin hannu yake."

Duk suka juyo suka dube ni da tausayi. Alhaji Dogara har da cewa, "Kayya, Malama Batulu, ai kin yi ƙoƙari." Da zagina suka yi da ya fi mini.

Da kowa ya watse, Suhail ya shigo ɗakina ya ajiye mini takardu shafi talatin. Ya ce ya kafa ƙa'ida: in suna da sunan gida da shekara da adireshi suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, za a haɗe katunan, a bar wanda aka fi amfani da shi kwanan nan, a share ɗayan.

"Ki duba. In ban ji daga gare ki ba zuwa Alhamis, zan haɗe su."

Na duba. Abin haushi, da yawa gaskiyarsa ce. Akwai matan da suka ɓatar da lamba aka buɗe musu sabon kati ranar da ba na nan, akwai ma kurakuraina ni kaina, na gan su a jere baƙi a kan fari. Raina ya yi ta ɓaci shafi bayan shafi, har na kai shafi na goma sha bakwai. Can tsakiya, ga su nan: Sailuba Isma'ila, Sailuba Isma'ila. A gefen ta biyu an rubuta a bari, don Walida ta zo wankin ciwo watan jiya. A gefen ta farko, wato Umma, an rubuta a share.

Zan faɗi gaskiya, tunda ba wanda ya tilasta mini ba da labarin nan. Daɗi na ji. Na ɗauki fensir na ja layi a ƙarƙashin sunayen biyu, na lanƙwasa kusurwar shafin, na sa takardun a durowa na kulle.

Lissafina mai sauƙi ne. In na kai masa yanzu, zai danna maɓalli biyu ya gyara, ya ce na gode Madam, ba wanda zai ji. Ni kuwa a gaban mutane aka yi mini. An riga an ce za a mayar da ni bakin ƙofa in dinga ba da lambar layi, ba mai shiga asibitin nan ban gan shi ba, kuma na san fuskar Umma kamar ta 'yar cikina. Ranar da za a kawo ta, zan bari kwamfuta ta nuna abin da za ta nuna, in bari likita ya ɗauki biro, sannan in miƙe da katin a hannu, jan rubutu na kallon kowa, in ce a kira mini mai sauraro. Kafin a ɗaɗɗaure katuna a kai su sito, na zare na Umma na sa a jakata. Alhamis ta zo ta wuce ban ce uffan ba.

Aka yi bikin buɗe sabon tsari, da yanka kirtani da lemon kwalba. Alhaji Dogara ya danna maɓallin farko da babban yatsa kamar mai dangwala ƙuri'a. Suhail ya sake jawabi. Aka ɗauko wani Zaharaddini daga Tudun Wada aka zaunar da shi a gaban allon, mutum mai haƙuri, ba ruwansa, abin da kwamfuta ta ce shi ne magana. A watan ne kuma aka yi wa tsohon likitanmu canjin wurin aiki, aka kawo sabo wanda bai san kowa ba. Na ga duk wannan, na ce ba komai, ai ina nan.

Damina ta sauka, lunguna suka cika da taɓo, asibiti ya cika da masu tari da zazzaɓi. Ni ina bakin ƙofa a kan benci ina yaga wa mutane lamba, jakata a cinya. Duk sanda na haɗu da Zakiyya a hanya sai in ce, "Ya Umma?" Ta ce, "Lafiya lau, Malama, tana makaranta." In ce madalla. Akwai ranar da na ji wani ɗan guntun takaici da ta ce lafiya lau. Na yi istigfari, amma ban buɗe durowa ba.

Sai 'yata Umaima ta haihu a Tukur-Tukur, namiji, jikana na fari. Suna ya kama ranar Laraba. Shekara uku rabona da neman hutu, na ce rana ɗaya tak, me zai faru a rana ɗaya. Na tafi da jakata, da katin a ciki. Aka jibge jakunkunan baƙi a ɗakin mai jego, tawa tana can ƙasa. Sai bayan magariba na ga kiran Zakiyya sau biyu a wayata. Na ce barka za ta yi mini, zan kira ta in na huta.

Ranar Juma'a da safe Sista Sumayya ta tare ni tun a bakin lungu, ko gaisuwa babu.

"Malama, yarinyar gidan Malam Isma'ila. Tun asuba aka wuce da ita babban asibiti."

Ban tambayi wacce ba. Na dafa bango.

Ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Ranar Laraba Zakiyya ta kawo Umma da tari da zazzaɓi. Zaharaddini ya tambayi suna, ta ce Umma. Ya buga, babu. Ya ce sunanta na yanka. Zakiyya ta sunkuyar da kai, don sunan surukarta ne, shekara goma sha biyu tana gidan bakinta bai taɓa furta shi ba. Wata maƙwabciyarsu a layi ce ta faɗa. Ya buga, Sailuba Isma'ila ta fito, guda ɗaya. Zakiyya ta ce, "Ta Nura ce fa." Ya ce ai ita kaɗai ce a ciki. Da suka shiga wurin likita ta ce masa akwai maganin da yarinyar ba ta sha, yana cikin katinta. Ya duba allo, gurbin babu komai. Ya tambaye ta wane magani ne, ta ce Malama Batulu ce ta sani. Aka ce Malama Batulu ta tafi suna. Ta fita ta kira ni sau biyu. Layi ya yi tsawo, likita ya ce ƙila da wata yarinyar take rikitawa, ya rubuta magani. Umma ta sha Laraba da Alhamis.

Ranar Asabar kwamiti ya zauna a zauren jira, inda aka taɓa haska majigi. Wai ashe dukansu dama suna da shakka a kan kwamfutar nan. Wanda ya fi kowa tafi ranar buɗewa shi ya fara cewa shi tun farko jikinsa bai ba shi ba. Alhaji Dogara ya cire hula ya mayar ya fi sau goma, yana cewa an yaudare shi da Turanci. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, manyan mutane da gemu, kowa na neman inda zai goge hannunsa.

Suhail ya zo ba laftof, idanunsa jajur. Ba wanda ya nuna masa inda kuskuren yake, da kansa ya bi sawu a cikin na'urar har ya gano katin da aka share. Ya miƙe tsaye.

"Ni na kafa ƙa'idar," ya ce. "Na ɗauka suna da sunan gida da shekara da adireshi sun isa su raba mutum da mutum. A inda na yi karatu sun isa. Ban gwada ta a kan gida ko ɗaya na cikin birni ba. Malama Batulu ta fara yi mini bayani ranar da na je ɗakinta, na katse ta. Laifina ne."

Na jira ya ambaci takardun nan shafi talatin. Bai ambata ba.

Alhaji Dogara ya yi masa tas, har da tuna masa cewa kakansa a lungun nan ya yi karatun allo. Sannan ya juyo gare ni. "Malama Batulu, ke kika san aikin nan. Yi magana."

Na buɗe jaka na fito da katin, na ajiye a kan tebur. Jan rubutun yana nan raɗau. Aka dinga miƙa shi hannu zuwa hannu ana salati. Wani ya ce ku duba, har ta ware katin ta adana shi, wannan ita ce ma'aikaciya. Wani ya ce a mayar da ita ɗakinta yau ɗin nan. Ranar da na yi wata biyu ina jira ke nan, ta zo daidai yadda na tsara ta, har da mutanen da na so su gani. Na sunkuyar da kai, su kuma suka ɗauka kawaici ne.

Washegari Lahadi ba a buɗe asibiti, amma aka ce ni da Suhail mu zo mu fara raba katunan da aka haɗe kafin wani ya sake afkawa. Na same shi ya riga ni, ya kwance ɗaurin katuna daga sito, yana zaune a ƙasa a kan tabarma da littafi da biro. Wayarsa a kashe a gefe.

"Malama, ki fara mini daga farko. Su wa ake sakaya wa suna?"

Na gaya masa, a daƙile. Wanda aka sa wa sunan kaka, ko na uban miji, ko na malamin gida. Ya tambayi waɗanne sunaye ake sakayawa da su, na lissafa: Umma, Ummi, Walida, Abba, Baffa, Halifa. Ya tambayi ko uwa tana iya faɗin sunan ɗanta na fari, na ce wata ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Ya tambayi to in uwa ba za ta faɗa ba, wa ake tambaya, kuma me ya kamata mai zama a gaban allo ya tambaya maimakon suna. Ya tambayi gidaje nawa ne a unguwar ke da irin wannan, na ce ka ce gidaje nawa ne ba su da shi. Yana rubutawa, yana sake tambaya, yana karanta mini abin da ya rubuta in gyara. Awa biyu bai katse ni ba. Ashe ya iya. Wannan ya ƙara ba ni haushi, don da ya yi haka wata uku da suka wuce da yanzu Umma tana gida tana rigima da Walida a kan kwano.

"Takardun nan da na ba ki suna nan?" ya ce. "Da su za mu fi saurin ganowa."

Ban yi tunani ba. Na buɗe durowa na miƙa masa. Takarda kuwa inda aka lanƙwasa ta nan take buɗewa. Shafi na goma sha bakwai ya baje a kan cinyarsa, da layin fensirina a ƙarƙashin sunaye biyu.

Ya daɗe yana kallon layin. Ni ina kallon ƙeyarsa. Ana ruwa a waje, wani wuri a rufin yana ɗiga cikin bokiti. Na shirya amsata tsaf: ai ba ka tambaya ba, ai kai ka ce ba data ba ne, ai kai ne mai satifiket. Ina jira ya ɗago in watsa masa.

Ya sa babban yatsa ya miƙar da kusurwar shafin, ya mayar da takardun farko.

"Mu fara daga shafi na ɗaya, Malama."

Na so ya yi ihu. Na so ya kira Alhaji Dogara a waya a gabana. Yaron da na raina tun daga takalminsa ya rufa mini asiri ba tare da na roƙe shi ba, kuma ban taɓa jin na tsani wani alheri kamar wannan ba. Muka fara daga shafi na ɗaya. Kafin azahar mun raba mutum goma sha ɗaya da aka mayar mutum biyar.

Kwana uku ke nan ina ce wa kaina gobe zan je dubiya. Bayan la'asar na rasa abin fakewa, na sayi lemo da ayaba na hau Keke mai ƙafa uku.

Ɗakin yara ne mai gado takwas, kowane gado da uwa a gefe. Umma tana na ƙarshe, an rufe ta da wani ƙyalle a kan ƙarfe don kar ya taɓa fatarta. Ban gane fuskarta ba. An naɗe idanunta biyu da bandeji, leɓunanta baƙi ƙirin, ana ɗiga mata ruwa a baki da sirinji. Zakiyya na ganina ta miƙe ta riƙe hannuwana biyu.

"Malama, kin zo. Umma, ga Malama Batulu."

Yarinyar ta motsa yatsu.

Zakiyya ta ce likitoci sun ce in sha Allahu za ta tashi, an wuce wurin tsoro. Idon dama ma suna sa rai. Na hagu ne ba su ce komai ba tukuna, in ta tambaya sai su ce a dai yi ta addu'a. Ta faɗa tana gyara bakin ƙyallen da bai buƙaci gyara ba.

Na ajiye ledar lemon. Na ce, "Zakiyya, akwai maganar da zan gaya miki."

"Na sani, Malama, an gaya mini komai." Ta juya ga matan da ke gadajen kusa. "Ita ce wadda nake ba ku labari. Shekara huɗu tana tsare mini yarinyar nan. Da ta ga za a kai katuna sito, sai ta zare na Umma ta sa a jakarta, tana yawo da shi ko'ina. Rana ɗaya tak da ba ta nan, ku ga abin da ya faru."

Matan suka dube ni suna gyaɗa kai. Wata ta matsa mini kujerarta.

"Zakiyya, ki tsaya ki ji…"

"Ba sai kin ce komai ba, wallahi. Sunan jikanki kika je, wa zai ga laifinki?" Idanunta suka ciko, ta ɗaga hannuwana da ke cikin nata. "Ni ba ni da abin ba ki. Allah dai ya yi wa jikan nan naki yadda kika yi wa 'yata."

Ɗakin gaba ɗaya ya ce amin, har da nas ɗin da ke canza ledar ruwa. Zakiyya ba ta saki hannuna ba. Tana kallon bakina, tana jiran tawa.